Wuƙar Aljihu da Hannun Yayana

Ko tsufa zai shafe min komai, akwai rana ɗaya da ba zan taɓa mantawa da ita ba: ranar da injin casar masara ya kama yayana a gonarmu ta wajen Maska. Labarin ya faro ne daga kasuwar Funtua, 'yan makonni kafin kaka, a shagon wani mai sayar da kayan ƙarfe.

Mu biyu mahaifinmu ya bar wa gonar. Yaya shi ne manomin gaske, mutum mai ƙarfi wanda yake ɗaga buhun masara shi kaɗai ya aza a mota. Ni kuwa malamin firamare ne a cikin gari, sai an tashi daga makaranta nake hawa babur in bi shi. Kullum a hanya ko a gona sai na nemi abin yanka igiya ko abin ɗaure wani abu da ya kwance a jikin babur. Na gaji da yawo da reza tana fasa min aljihu, shi ya sa da muka shiga kasuwa sayen buhunan zuba amfanin gona na ce wa Yaya mu biya in sayi irin wuƙar nan mai naɗewa, wadda ake haɗa mata kayan aiki a jiki.

Mai shagon ɗan ƙabilar Ibo ne, amma a Funtua aka haife shi. Idan ba ka kalli fuskarsa ba sai ka ɗauka Bakatsine ne ke magana. Ya baje min wuƙaƙen a kan tebur. Idona ya faɗa kan wata ƙatuwa mai ƙyalli, har da almakashi da cokali da 'yar tocila a jikinta. Ina ta juya ta ina murmushi.

Ya ce, "Malam, aikin me za ka yi da ita?"

Na ce gona da babur.

"To wannan ta kallo ce. Kwana biyu za ka ga ta ja maka aljihu ƙasa, ka ajiye ta a gida. Buɗe ta in gani."

Na sa farce na ja, ta ƙi. Sai da na sa ƙarfi, har farcen ya tsage. Ya miƙo min wata siririya mai jan mariƙi, ba ta da komai sai wuƙa babba da ƙarama, da ɗan zarto, da sukundireba, da mabuɗin gwangwani. Ina taɓa ta ta buɗe, ta tsaya ƙyam ba ta rawa.

Yaya yana gefe yana min dariya. Ya ce, "Kai da alli kake aiki, me za ka yi da zarto?" Duk da haka ya karɓa, ya shafa kaifin da babban yatsa, ya gwada a igiyar da aka ɗaure buhunanmu. Ya ce, "Ƙarfen nan yana da kyau. Ɗauki wannan."

Ita na ɗauka, raina yana kan mai ƙyallin. Daga ranar ta zauna a aljihun wandona, har na daina jin tana nan.

Masara ta yi kyau a shekarar. Muka karya ta, muka tara, muka ɗauko hayar injin casa daga wani ƙauye da ke kusa. Irin injin nan ne mai shan gas, wanda wani faffaɗan bel yake juya shi, ba murfi ba komai a kan bel ɗin. Haka kowa ya saba ganinsa, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Ranar casa Yaya ya je ɗaurin aure cikin Maska. Bayan azahar ya iso gona a cikin babbar rigarsa ta shadda, ya ce kallo kawai zai yi ya wuce gida ya sauya kaya. Ina can ina ɗinke bakin buhu. Mata suna sheƙe abin da ya zube, mai injin yana ɗura masara, ƙarar ta cika wurin har sai ka ɗaga murya a ji ka. Sai buhun da ke bakin injin ya karkace, tsaba ta fara zuba a ƙasa. Yaya bai iya ganin hatsi yana zubewa ya tsaya ba. Ya sunkuya ya gyara.

Ban ga lokacin da bel ya kama hannun rigar ba. Na dai ji ƙarar injin ta sauya, kamar ya haɗiye dutse. Da na ɗago, Yaya yana durƙushe, fuskarsa manne da ƙarfe, hannunsa na dama ya shige tsakanin bel da ƙarfen da ke juya shi. Mai injin ya kashe, amma irin wannan inji ba ya tsayawa nan take. Ya ƙara juyawa, yana naɗe rigar kamar ana matse wanki, sannan ya tsaya.

Rigar ta shaƙe masa wuya. Bai yi ihu ba, domin babu iskar yi. Idanunsa sun firfito, leɓensa ya soma yin baƙi. Maza suka kama shaddar suna ja, sabuwar shadda kuwa ba ta yagewa da hannu. Wani ya ruga ya ɗauko adda, ya zo ya tsaya da ita, don ba inda zai sara sai wuyan mutum.

Ban san lokacin da wuƙar ta fito daga aljihuna ba. Na buɗe ƙaramar, na cusa ta a kwance tsakanin wuyansa da ɗinkin rigar, na juya kaifin waje na ja. Zaren aikin wuyan ya yi gardama, na sake ja, ya tsinke. Yaya ya ja wani irin numfashi mai ƙara wanda har yau nakan ji shi a kunnena.

Saura hannun. Bel ɗin ya danne shi, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Wuƙa ta kasa cin bel ɗin saboda kauri da zaren da ke cikinsa, sai na buɗe zarton. Ina gogawa jini yana bin yatsuna, mariƙin yana santsi. Yaya ya dawo hayyacinsa a lokacin, yana ta salati a hankali. Da bel ya rabu muka zaro hannun. Ba zan faɗi yadda na gan shi ba. Wata tsohuwa daga cikin masu sheƙa ta ce, "Ɗaure daga sama, ɗana, kada jininsa ya ƙare." Na yanko robar da nake ɗaure kaya a bayan babur, na ɗaure masa damtse tamau.

A babur muka kai shi bakin titi, ni ina tuƙi, wani maƙwabcin gonarmu yana riƙe da shi ta baya. Daga nan wata mota mai ɗauke da tumatir ta kai mu asibiti a Funtua. Likita ya ce ɗaurin ya taimaka, amma hannun ba zai gyaru ba. Daga saman gwiwar hannu suka yanke.

Mutane sun yi ta zuwa suna min sannu da ƙoƙari, har da mai shagon, da labari ya kai masa. Ni kuma a raina na ɗauka mafi munin abin ya wuce. Ashe yanzu aka fara.

Da aka sallamo shi, Yaya ya daina magana. Yakan zauna a zaure ya juya wa ƙofa baya. Matarsa ce ke zuba masa ruwan alwala. Idan an kawo tuwo sai ya jira kowa ya tashi, don kada a ga yana ci da hagu. Wata rana da la'asar na je na tarar yana ƙoƙarin ɗaura mazagin wando, ya kama gefe ɗaya da haƙori, ya kasa. Na matsa zan taimaka. Ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Me ya sa ka yi sauri?"

Na ce, "Yaya, me kake nufi?"

"Da ka ɗan jinkirta, da yanzu na huta."

Na fita na zauna a kan babur, na kasa tayar da shi. A duk abin da ya faru, wannan maganar ta fi yi min ciwo. Na yi fushi, na ƙudurta ba zan koma ba sai ya neme ni. Washegari da aka tashi daga makaranta na ga kaina a ƙofar gidansa.

Haka na riƙa zuwa. Wani lokaci ya amsa gaisuwa, wani lokaci ya yi kamar bai ji ba. Damina ta zo, na ce masa ban san inda ruwa ke kwanciya a gonar ba, kuma gaskiya ce, ban sani ba. Sai ya ce in kawo babur. A gona ya tsaya yana nuna wa 'yan ƙwadago da hagu, yana faɗa idan kunyar shuka ta karkace. Amma na ga yadda yake kallon fartanya a hannun wasu. Bai sake noma da kansa ba. Ƙarfin nan nasa ya zube, ya rame, kuma har yau idan ya ji ƙarar injin casa sai ya tashi ya bar wurin.

Bai taɓa janye maganar da ya faɗa min ba, ni ma ban taɓa tayar da ita ba. Shekaru bayan haka aka haifi jikansa na fari. Ranar suna aka ɗora masa jaririn a hannun hagu, kan yaron yana lilo. Zauren cike yake da mutane, amma ni ya waiwaya ya nema.

Ya ce, "Zo ka tallafe min kansa. Hannu ɗaya ba ya isa."

Na tallafe. Muka tsaya a haka.

Abin da wannan al'amari ya koya min shi ne, fitar da mutum daga bakin mutuwa aikin ɗan lokaci ne, wuƙa mai kyau a aljihu tana iya yinsa. Wahalar tana gaba, lokacin da masu sannu suka watse, wanda ka ceta kuma yana jin haushin ka don ka cece shi. Duk wanda Allah ya sa ya tsamo ɗan'uwansa daga irin wannan, to ya sani bai gama ba. Ya shirya komawa ƙofar gidan gobe, ko an amsa masa sallama ko ba a amsa ba.