Shirun Baba Kafin Tafiyata Yamai

Ranar Lahadi ce a tsakiyar damina, wajen ƙarfe uku na rana, bayan mun dawo daga sujada a coci. Mu uku ne a zauren gidanmu na Kara-Kara: ni, da Baba, da amininsa, wani baduku musulmi daga Birni wanda ya saba zuwa kowace Lahadi ya dafa musu shayi.

A jakata akwai takarda daga buro, wato ofishin gidan rediyon da nake aiki a Damagaram. An ba ni aiki a babban gidan rediyo na Yamai, ana son amsa kafin Juma'a. Baba kuwa ya tsufa, idonsa ya fara rauni, kuma ni kaɗai na rage masa a Damagaram. So nake ya ce in zauna, ko ya ce in tafi, in huta da ɗaukar nauyin zaɓi.

Al'adarsa ce idan magana ta yi nauyi a karanta masa 'yan ayoyi, ya yi addu'a gajeriya, sannan kowa ya yi shiru har a sauke shayi na biyu. Yakan ce wanda ya yi tambaya ya kamata ya tsaya ya ji amsa. Ni kuma an horar da ni a inda shirun daƙiƙa kaɗan laifi ne. Da zarar murya ta ɗauke, mai kula da na'ura zai buga gilashi. Saboda haka ranar nan, bayan “amin” ɗin Baba, ban jima ba na fara jero dalilai: albashi, nisan hanya, wanda zai riƙa karanta masa takardun magani.

Badukun ya ɗago daga kan gawayi ya ce, “'Yar nan, nan ba rediyo ba ne. Ni da ba addininku nake bi ba na san ba a magana yanzu.”

Na yi shiru don kunya. Na ji tafasar buta, na ji ɗigar ruwa daga indararo, na ji numfashin Baba. Wata murya dai ban ji ba. Abin da na lura shi ne tsoron da na shigo da shi ya ragu, kuma da na tuna Yamai zuciyata ba ta tsinke ba.

Da aka zuba shayin, na tambayi Baba abin da aka ce masa. Ya ce shi ba a ce masa komai game da ni ba, abin da aka nuna masa nasa ne: ya daina riƙe abin da aka ba shi aro.

“Uwata,” ya ce, haka yake kirana, “Ubangiji bai mai da ni kunnenki ba. Ke me kika ji?”

Na faɗa masa gaskiya, cewa kwanciyar rai kawai na ji, ban san ko ta isa ba. Ya ce shi da ita ya yi tafiyar rayuwarsa duka.

Har yau ina gwada wannan shirun a ɗakina. Nakan ɗora buta, in zauna, in jira. Wani lokaci natsuwar tana zuwa, wani lokaci zauren nan kawai nake gani, sai kewa ta cika ni.

Ranar Alhamis na kai amsa buro, cewa zan tafi. Baba ya ƙara damina huɗu a duniya, kuma badukun ne ya riƙa raka shi likita har ƙarshe.