Burtalin da Wana Ya Sa a Taswira

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar wana Alhasan, kuma ban ga wanda ya tuna da shi ba sai ni da nike jin haushinsa.

Kafin babban yaƙi wani nasara mai awon ƙasa ya zo Buza zai zana duwatsu da ƙoramu. Gardi, dogarin nasara, ya kama Alhasan ya yi masa jagora, don ya san kowane kwazazzabo daga Allakaye zuwa Ibohamane. Shi ya ɗauki akwatin awo a ka yana hawa yana sauka cikin rani, har ƙirjinsa ya lalace. Tarin da ya kama shi bai sake shi ba sai kabari.

Mu manoma ne. Gefen gonarmu akwai burtali, hanyar da shanu ke bi daga tudu su sauka ƙorama. Nasara ya zana ruwa, ya zana dutse, zai wuce. Alhasan ya aje akwati ya zauna, ya ce ba ya tashi sai an sa burtalin. Na ce, "Yaya, mi ya kai ka? Gonarmu fa zai ci!" Ya ce, "Ɗan lakkol, ruwan da babu hanyar zuwa gare shi, wa zai sha?" Shekarata biyu kawai a lakkol, makarantar boko, amma haka yake tsokanata.

Aka zana. Na daɗe ban yafe ba, don gero mai yawa muka rasa a wannan gefen.

Daminar bana wasu suka shuka har bakin ƙorama, suka toshe hanyar. Shanun Jaɓɓi, makiyayin da muka tashi tare, suka tsaya a kan fako suna kuka, samari suka fito da sanduna. Aka kai magana gaban kumandan, nasaran da ke mulkin ƙasarmu. Ya buɗe taswirar mai awon nan, ga siririn layi daga tudu zuwa ruwa. Aka cire shuka, ba a fasa kan kowa ba.

Da Alhasan yana nan, na san dariya zai yi mini. Sunansa ba ya cikin takardar, na duba da idona, na nasara ne a ƙasa. Wannan har yanzu yana ci mini rai. Amma jiya da hantsi shanun Jaɓɓi suka bi gefen gonata suka sauka, ni ma na matsa na ba su hanya. Allah ya jiƙan Alhasan.