Bindigar da Arlene Ta Sayar

Arlene Pruitt a cikin warin man bindiga ta tashi. Shagon na mahaifinta ne, a bakin babban titin Pinefork, tsakanin kantin magani da wurin masu faci. Tun tana firamare ta iya kwance bindigar farauta ta mayar da ita. Da tsohon ya rasu ita ta riƙe shagon, domin ƙanenta Wendell bakinsa ya fi hannunsa aiki. Duk mafaraucin barewa a yankin ya san halinta: in ta ji warin giya a bakinka, ko harsashi ɗaya ba za ka fita da shi ba.

Wata rana da kaka wata budurwa ta shigo ta ce ƙaramar bindiga take so, don ita kaɗai ke kwana a gida. Arlene ta bincika sunanta wurin hukuma yadda doka ta ce, aka ce ba ta da tabo, ta sayar mata. Ashe saurayinta ne ya turo ta, mutumin da kotu ta hana riƙe makami. Kafin sanyi ya kankama ya harbe wani makanike a garejinsa. Makaniken nan kuwa ɗa ne ga Corinne Mabry, wadda suke rera waƙa tare da Arlene a coci tun suna 'yan mata.

Corinne ta kai shagon ƙara. Ana cikin haka majalisar jiha ta ɗauko wata doka da za ta hana a kai mai ƙera bindiga ko mai sayar da ita kotu saboda ɓarnar da wani ya yi da ita. Ƙungiyar masu shagunan bindiga ta roƙi Arlene ta je gaban majalisar ta yi magana.

"Yaya, ki je ki wanke su tas," in ji Wendell. "In mashayi ya take mutum da mota, kin taɓa jin an kama dillalin motoci?"

"Rufe min baki. Ba kai za ka kalli idon matar nan ba."

Ranar zaman, zauren ya cika har bakin ƙofa. Corinne na gaba, rungume da hoton ɗanta. Arlene ta zauna gaban makirufo. Ta faɗi abin da ta zo faɗa: ita ta bi doka, ba ta san gaibu ba, kuma in aka ce duk jinin da aka zubar a wuyan mai shago yake, to babu ƙaramin shagon da zai kai baɗi.

Wani dattijon ɗan majalisa ya cire tabarau. "Madam Pruitt, mun ji naki. To mai shagon da ya ga alama ƙiri-ƙiri ya kau da kai fa? Shi ma mu rufa masa asiri?"

Lauyan ƙungiyar masu shagunan ya zuba mata ido.

"Ranka ya daɗe, wanda ya gani ya kau da kai, ku bar alƙali da shi. Amma ni ban gani ba."

A bayanta aka fara gunaguni. Ta ji tsakin Wendell sarai.

Da aka kira Corinne, ba ta ɗaga murya ba. "Ni ban ce ta gani ba," in ji ta. "So nake ta tsaya gaban alƙali ta rantse, in tambaye ta. Dokar nan ko tambayar ma za ta hana ni."

Da aka tashi, Arlene ta tare Corinne a bakin matakala.

"'Yar'uwa Corinne, ga ni. Tambaye ni yanzu."

Corinne ta juyo. "An ce mutumin yana zaune a mota a ƙofar shagonki yana jiran yarinyar. Haka ne?"

"Ban sani ba. Ban leƙa waje ba."

"Ba ki leƙa ba," Corinne ta maimaita a hankali. Ta gyara riƙon hoton, ta sauka.

Aka zartar da dokar, kotu ta kori ƙarar. Ƙungiya ba ta sake gayyatar Arlene ko'ina ba, wasu tsofaffin abokan ciniki ma suka koma wani shago, wai ta ba da su a gaban jama'a. Corinne ta sayar da gidanta ta koma wurin 'yarta a wata jiha, ba ta yi wa kowa sallama ba.

Arlene ta ci gaba da buɗe shago har gwiwoyinta suka gaza. Ta mayar da teburinta jikin taga, inda take hango titi. Wendell ya yi ta mita wai rana na ɓata kaya, ita kuwa idonta na kan duk motar da ta tsaya a ƙofa.