Sammacin da Ya Tarar da Inna Cikin Takaba

Gonar Inna tana bakin magudanar ruwan da ke fitowa daga dam ɗin Watari. Ba ta da girma. Ina ƙarama nakan zauna a gefenta ina kallon ruwa yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, ina raya wa raina cewa kowane fangali ɗaki ne, ruwan kuma baƙo ne da ya zo zagayen gaisuwa. Daga mahaifinta Inna ta gaje ta, amma Baba ne ya noma ta tun kafin a haife ni, shi ya sa duk ƙauyen da sunansa ake kiranta. Albasarta da tumatirinta ne suka riƙe gidanmu.

Baba ya rasu ina karatu a kwalejin horar da malamai a Kano. Inna ta shiga takaba yadda matan garinmu ke yi: ta ajiye kwalli da turare, ko zaure ba ta leƙawa. Bayan sadakar arba'in na koma makaranta.

A cikin wannan zaman ne masinjan kotu ya yi sallama a ƙofar gida da sammaci. Baffa, yayan Baba, ya kai ƙara cewa gonar tasa ce, aro ya ba ƙanensa. Inna ta amsa daga bayan katanga, ta ce, "A gaya wa alƙali takaba nake yi." A wurinta magana ta ƙare ke nan. Wa zai ji takaba ya sake tambaya? Ko biki ne a gidan ɗan'uwa, wannan kalmar ta isa uzuri. Ta koma kan tabarmarta da carbinta, tana zaton za a jira ta.

Ba a jira ta ba. Aka yi zama, aka rubuta cewa an kira ta ta ƙi zuwa, aka ba Baffa gona.

Da na zo hutu na ji labari, sai na tuna darasin da aka yi mana a kan kundin tsarin mulkin ƙasa. A aji na ɗauke shi abin haddacewa don jarrabawa, ina sauraro ina kallon tsuntsaye ta taga. Ranar nan ya dawo mini da nauyinsa: ba a yanke wa mutum hukunci sai an ba shi damar faɗin nasa. Na koma Kano na nemi wata lauya da ke taimaka wa mata kyauta. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Za mu ɗaukaka ƙara, mu roƙi a ƙara mana lokaci tunda wa'adin ya wuce. Amma ki sani, alƙalin sama zai so ya ji daga bakinta. Za ta yi magana?"

Na ce za ta yi. A raina kuwa ban sani ba.

Tun da aka kawo Inna gidan nan amarya, ba ta taɓa haɗa ido da Baffa ba. Idan ya shigo, durƙusawa take yi ta gaishe shi, ta shige ɗaki. In yana son magana da ita, sai ya gaya wa Baba ko ya aiko matarsa. Ni ma da nake 'yar farinta ba ta kama sunana, "ke" take ce mini.

"Ke dai da littattafanki," in ji Inna da na kai mata maganar lauya. "Ni in tsaya gaban yayan mijina in ce ya yi ƙarya? Da wane bakin?"

"Inna, ba ƙarya za ki ce ya yi ba. Abin da kika sani za ki faɗa."

"Allah ya sani, ai ya isa."

"Allah ya sani, alƙali ne bai sani ba."

Ta harare ni, ta ci gaba da tsince shinkafa. Ban fasa ba. Kullum da safe in na kai mata koko sai na sake ɗauko zancen, har ta fara cewa in ajiye kokon a bakin ƙofa.

Ranar da ta fita takaba muka tafi gaishe da dangi, hanyarmu ta bi ta gefen gonar. Nan ta tsaya cik. Gambar da mahaifinta ya shuka a kan iyaka an tumɓuke ta, an haɗe gonar da ta Baffa, ba ka gane inda ɗaya ta ƙare. Ta sunkuya ta ɗauki wata busasshiyar saiwa, ta kakkaɓe ƙasar, ta ɗaure a bakin zanenta. Sai da muka yi nisa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke, yaushe lauyar taki ta ce a zo?"

Ranar zaman, Baffa yana gefe guda da babbar rigarsa. Lauya ta yi bayani, ta ce an tauye wa Inna haƙƙin da tsarin mulki ya ba ta, shari'ar Musulunci ma ba ta yarda a hukunta wanda ba a ji ba alhali yana da uzuri. Sai alƙali ya juyo.

"Baiwar Allah, da sammaci ya same ki, me kika ce?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ina jin ƙarar fanka a sama. Alƙali ya sake tambaya. Na ga magatakarda ya ɗaga biro, na kuwa san yadda ake rubuta shirun mutum a takarda.

Sai Inna ta juya wajen Baffa, ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya, ina kwana."

Baffa ya rikice. Bakinsa ya riga shi: "Lafiya lau. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. A yi mini afuwa, zan yi magana."

"To... yi maganarki mana."

Wani a baya ya tuntsire da dariya. Alƙali ya danne tasa, ya ce, "A ɗakin nan ba kya bukatar izinin kowa. Amma tunda an ba ki, bismillah."

Ta miƙe, idonta a kan bango. Muryarta ta fara da rawa, sannan ta zauna daram. Ta faɗi abin da ta gaya wa masinja. Ta faɗi yadda aka raba gadon mahaifinta, da su wa ke wurin, da maƙwabtan gonar ta kowace kusurwa. Ta ce gaskiya ne Baffa ya taya Baba gyara ta shekarar da ruwa ya iso, har ya kawo shanunsa na huɗa, kuma ba ta manta ba. "Amma taimako ne, ranka ya daɗe, ba aro ba." Ban taɓa jin Inna ta yi doguwar magana haka ba, ko a cikin gida.

Aka soke hukuncin farko, aka ce a sake shari'ar a gaban wani alƙali. Mun sha zirga-zirga, an ɗage zama har na daina ƙirgawa, amma ba mu taɓa fashi ba. Maƙwabtan gona suka zo suka ba da shaida, ƙanen Inna ma ya zo. Gona ta dawo hannunta.

Baffa ya yi watanni ba ya shigowa gidanmu. Inna kuwa duk Juma'a sai ta aika masa da tuwo, kamar yadda ta saba.

Da damina ta sauka muka je da sabuwar gamba daga gonar kawuna. Inna ta taka iyakar da ƙafarta tana nuna mini, ina tona rami tana dasawa. Da muka kai ƙarshen layin ta miƙe, ta dafa ƙugu ta duba baya.

"Ke, nan kin karkace," ta ce. "Kin ci wa Yaya taku guda. Cire ki dawo da ita."

Na cire, na dawo da ita.