Kawu Nev, Wanda Ya Kauce Don Kada Ya Taka Ni

"Kafin watan Agusta ya ƙare za mu janye hanyar wucin gadin daga ƙarƙashin bishiyar nan, mu kuma zuba kwalta a bakin falankin ƙarfen ya daidaita da ƙasa. Ku riƙe ni da wannan magana."

Mista Darren Pelling ne ya faɗi haka, injiniyan da ƙaramar hukumarmu ta ɗora a kan aikin hanyar keke ta bakin rafi. Ya faɗa ne ranar Laraba 23 ga Yuli, a ɗakin taro na laburaren unguwa, gabanmu mu ashirin da bakwai. Ni na jera kujerun ranar, ni kuma na rubuta bayanin taron, don haka ban ƙara masa ko harafi ba. To, na riƙe ka, Mista Pelling. Amma jira tukuna, ba kai ne a gaba ba yau.

Na Allah muke, gare Shi kuma kowa ya nufa. Ranar Alhamis 18 ga Satumba da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawu Nevzat Karaca yana da shekara saba'in da uku, bayan kwana tara a asibiti bai farfaɗo ba. Ranar da aka yi masa salla, kekunan da aka ɗaure a shingen masallaci sun fi motocin da ke harabar yawa. Na ga mutanen da ba su taɓa taka masallaci ba sun cire takalma sun tsaya a baya, hular kwano a hannu, suna kuka.

Kawu Nev, da hannun hagu nake buga wannan rubutu, domin kafaɗar dama tana rataye a majanyi. Ka san dalili. Kai ne dalilin da ya sa abin ya tsaya a kafaɗa.

Shekara takwas ke nan da likita ya ce mini sukari ya fara hawa, in motsa jiki ko in fara allura. Na sayo tsohon keke, na tura shi zuwa garejinka saboda kowa a arewacin birnin Melbourne ya ce can ake kaiwa. Ban iya hawa ba, ina da shekara arba'in da huɗu, kunya kuma ta hana ni faɗa. Ka duba tayar, ka duba ni, ka ce, "Malama, wannan keken lafiyarsa ƙalau. Mai shi ce ke bukatar gyara." Ranar Asabar huɗu a jere ka riƙe mini sirdi a filin makaranta, kana gudu a bayana da gwiwoyinka masu ciwo. Ran da ka saki ban sani ba, sai da na kai ƙarshen fili na juyo na hango ka a zaune kan benci kana shan shayi.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana tuƙa taram, jirgin ƙasan cikin gari mai bin layin ƙarfe, a titunan birnin nan, ka ajiye aiki ba ka taɓa buge kowa ba. Ba ka taɓa alfahari da wannan ba, sai dai ka ce ƙarfe ya koya maka tsoro. Duk wanda ya zo koyon keke a wurinka sai ya ji wannan karatu: jiƙaƙƙen ƙarfe ba ya riƙe taya, kada ka taka birki a kansa, kada ka hau shi a karkace. Mun ji har mun haddace, muna kwaikwayon muryarka a bayan idonka.

Ba ka karɓar ladan gyara. Wanda ya nace sai ka cika masa leda da lemun tsamin bishiyar bayan gidanku, ka ce hukuncinsa ke nan. Anti Gulsen, matarka, takan leƙo ta taga ta ce, "Nevzat, shekara arba'in ƙofar kicin ɗina tana kuka, amma sarƙar keken kowa ta sha mai!" Ka amsa, "Hajiya, ƙofa ba ta taɓa kayar da kowa ba." Ta ce, "Za ta fara yau, in ka shigo." Sannan ta aiko mana da shayi a 'yan kofunan gilashi da burodi mai riɗi, ta ce kada a ba ka ko ɗaya.

Sai batun tsuntsaye. Kowa a nan ya san abin da magfai, tsuntsun nan mai baƙi da fari kamar hankaka, yake yi in Satumba ta kama, yadda namijin ke sauko wa mai keke ta baya yana kai masa sara a kunne saboda 'ya'yansa na cikin sheƙa. Mu dai mun iya soka 'yan igiyoyin roba a hular kwano don mu tsorata shi, mu fita kamar bushiya. Kai kuwa ka san su ɗaya bayan ɗaya. Kana da taswira a bangon gareji, ka sa jan ɗigo a kan kowace bishiya mai mafaɗacin tsuntsu, kana sabunta ta duk shekara. Wanda ya fi kowa zafi shi ne na babbar bishiyar turare da ke bayan filin ƙwallo. Kai ka sa masa suna Sajan. Shekara shida kana tsayawa kana gaishe shi, kana cire hula ya ga fuskarka, har ya daina taɓa ka. Daga nan ka ɗauki wata al'ada: duk mai jin tsoro sai ka ce ya wuce gaba, kai ka bi bayansa. "Ta baya yake zuwa," in ji ka, "in ya gan ni sai ya ji kunya."

Tsohuwar hanyar keken ba ta bi ta wajen bishiyar Sajan, tana can gefen rafi. Da aka fara haƙa don sa bututun ruwa a watan Mayu, sai aka karkatar da mu ta ƙarƙashinta daidai, aka kafa shingen waya hagu da dama har mutum biyu ba sa iya giftawa, aka rufe ramin da ya ratsa wurin da falankin ƙarfe wanda bakinsa ya ɗago sama da kwalta kamar faɗin yatsu uku. A Mayu babu wanda ya damu, tsuntsu bai yi ƙwai ba. Kai kaɗai ka tsaya ka ɗaga kai ka dubi bishiya, ka sunkuya ka dubi ƙarfe, ka ce, "Nan da wata huɗu mutum zai zo nan idonsa na sama, tayarsa na ƙasa."

Ka rubuta wasiƙa uku. Ni na gyara maka Turancin, kana faɗa da ni cewa na cire zafin. A taron Yuli ka cire taswirarka daga bango ka zo da ita, ka shimfiɗa a gaban Mista Pelling. Ka nuna masa cewa titin Harbin da ke gefe yana da layin mota biyu, in aka ba masu keke ɗaya na wata uku an huta. Ya ce masu mota za su yi ƙorafi. Ka ce, "Yallaɓai, mai ƙorafi yana da rai ke nan." Aka yi dariya, shi ma ya yi, sannan ya yi alkawarin da na kawo a sama.

Agusta ta ƙare. Abin da aka ƙara a wurin shi ne allo mai ruwan ɗorawa, an rubuta a yi hattara da tsuntsu. An ɗaure shi a saman shinge, yadda sai ka ɗaga kai za ka karanta.

Ranar Talata 9 ga Satumba da safe, raɓa ba ta bushe ba, na same ka a bakin filin ƙwallo kana jira, kamar yadda ka saba tun da watan ya kama. Ka ce, "Wuce, Malama, ina bayanki. Kada ki kalle shi, ki kalli ƙasa." Na wuce. Ban san ko Sajan bai gan ka ba ne ranar, ko kuwa 'ya'yan sun ƙyanƙyashe ya daina jin kunyar kowa. Na ji fukafukai a kunnena, na sunkuyar da kai, na taka birki a kan ƙarfe. Duk karatun shekara takwas ya tashi a daƙiƙa ɗaya. Na faɗi a gicciye, na tare hanyar gaba ɗaya, wuyana daidai inda tayarka za ta bi.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke tafe a bayanmu ta ga sauran. Ta ce ba ka taka birki ba, domin ka san keken zai zame da kai ya hau kaina. Ka juya kan keken ka shiga shinge. Shingen ba a kafe yake ba, an jingina shi ne kawai a kan tubalan roba. Ya buɗe, ka faɗa ramin da ke bayansa.

Na gode, Kawu. Na rasa wata kalma da ta fi wannan, ni da na kwashe rayuwata a cikin littattafai. 'Yata Rima za ta yi aure a watan Disamba, kuma zan zauna a wurin da ƙafafuna. Na gode da Asabar huɗun nan. Na gode da ba ka taɓa faɗa wa kowa cewa na yi kuka ran da na fara faɗuwa ba. Na gode a madadin duk waɗanda ka bi bayansu, waɗanda da yawansu ba su ma san cikakken sunanka ba sai a takardar sanarwar rasuwa.

Da na je gaisuwa, ƙafata ta ƙi shiga gidan. Anti Gulsen ce ta fito har bakin ƙofa ta kama hannuna mai lafiya. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. "Ke Nahida, rufe min baki. Da ya taka ki ya dawo gidan nan, da ni zan kashe shi." Muka yi dariya muna kuka, ta sa ni cin abinci dole.

Allah Ya jiƙan Kawu Nevzat, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya karɓi wannan juyawa da ya yi a cikin kyawawan ayyukansa. Allah Ya ba Anti Gulsen haƙurin rashin abokin zaman shekara arba'in da shida. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yansa, Aylin da Tarik, da jikokinsa biyar, da tsofaffin abokan aikinsa na taram, da 'yan tawagarmu ta hawan keke ranar Asabar. Allah Ya sa mu cika da imani.

Yanzu kai, Mista Pelling.

Na karanta sanarwar da ofishinku ya fitar. Kun yi jimami, kun kuma ce za a kama tsuntsun a kai shi nesa. Sajan bai haƙa rami ba. Bai shimfiɗa ƙarfe ba, bai jingina shinge ba, bai tsaya a gaban mutum ashirin da bakwai ya ce a riƙe shi da magana ba. Shi kaɗai ne a duk wannan lamari ya yi abin da aka san zai yi, a watan da aka san zai yi. Ku ƙyale shi da 'ya'yansa. Jiya na sa an kai ni wurin. Ƙarfen na nan, bakinsa a ɗage. Shingen an mayar da shi kan tubalansa, an ƙara masa jan ƙyalle.

An tuna mini a wurin aiki cewa laburaren da nake yi wa hidima shekara goma sha tara na ƙaramar hukuma ne, kuma ma'aikaci ba ya sukar hukumarsa a fili. Na karanta dokar aikin, shafi na sha ɗaya, na fahimce ta sarai. Ga sunana a ƙasa.

Ranar Litinin 6 ga Oktoba makarantu za su koma, kuma yara fiye da ɗari ne ke bin wannan hanya da safe. Kana da har zuwa ƙarfe biyar na yammacin Juma'a 3 ga Oktoba ka rufe ta, ka ba masu keke layi ɗaya a titin Harbin. In ba ka yi ba, ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe za mu ɗauki layin da kanmu. Mu arba'in da biyu ne zuwa yanzu, har da tsofaffin direbobin taram tara da suka san yadda ake tsayar da motoci. Za mu jera kekunanmu daga filin ƙwallo har ƙofar makaranta, yara su wuce ta bayanmu. Haka za mu yi kowace safiya sai kun gyara. Wasiƙun Kawu uku da bayanin taron Yuli kuwa, ranar zan miƙa su ga kotun da ke binciken musabbabin rasuwarsa. Ni ba zan iya hawa keke ba tukuna, don haka a tsaye za ka same ni a farkon layi, hannu a majanyi. Anti Gulsen ta ce in tanadar mata kujera kusa da ni.

Nahida Derbas