Agogon Kwamfutar Isyaku

Isyaku mai shagon buga takardu a Karaye yana da tsohuwar kwamfuta mai manta lokaci duk sanda aka kashe ta. Ƙaramin batirin agogonta ne ya mutu, kuma ya san gyaran sarai. Amma kullum da safe sai ya leƙa shagon ɗinkin Nusaiba, a gaisa, ya ce, "Malama, ƙarfe nawa? Zan saita na'ura."

Ran kasuwa abokinsa Mujahid ya kawo sabon batiri, ya saka kafin a hana shi. Agogo ya daidaita, hujja ta ƙare, Isyaku ya wuni a murtuke.

Washegari Nusaiba ta leƙo da kanta. "Malam Isyaku, yau shiru? In kana da wata maganar, Baba yana gida bayan la'asar."