Inda Mai Lofe Ya Ce Mu Tsaya

Safiyar ranar ba ta bambanta da sauran ba. Na tashi na iske yayana Arzika ya riga ni, yana tsugune bayan tanti yana wanke rigarsa da ruwan da bai cika gwangwani ba. Riga ɗaya gare shi, amma yadda yake lallaɓa ta sai ka ce ta gado ce. Na tambaye shi ko zance zai je wurin aljanun duwatsu, ya ce in ja bakina in hura wuta. Muka dafa shayi. Muka ci burodin soja mai tauri da kifin gwangwani. Iska ba ta motsi sosai. Can gabanmu dutsen yana tsaye, ƙato, ko ciyawa babu a jikinsa.

Sunana Gado. Bakurfaye ne ni, ɗan ƙasar Kurfai, daga wani ƙauye kusa da Tabla. Yau na haura tamanin, haƙorana sun zube, amma wannan rana ba ta zube tare da su ba. Lokacin ina saurayi, ƙasarmu ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba. Muna can tsakiyar hamada, arewa da Tamanghasat, muna yi wa nasaru aikin lebura. Rami muke haƙawa a cikin dutse. Mu fitar da tsakuwa, mu ja wayoyin jan ƙarfe masu kauri zuwa ciki. Ba wanda ya gaya mana abin da za a sa a ramin. Mu ma ba mu tambaya ba, don a ganinmu mun san a hannun wanda muke.

Wanda ya kai mu wani nasara ne da ya daɗe a Filinge yana kula da gyaran hanya. Mai Lofe muke ce masa, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Hausa yake yi har da karin magana. Bayan girbi ya zo ƙauyenmu neman majiya ƙarfi, babanmu kuwa bai yarda da sauri ba. Anne ne na gaske, addinin kakanni yake riƙe da shi, kuma ba ya ba da ɗa a kan daɗin baki. Ya sa Inna ta dama fura a ƙwaryarsa, wadda ba mai sa mata baki sai shi. Ya sha, ya miƙa wa baƙon. A wurinmu wannan ba wasa ba ne. Wanda ya sha a ƙwaryar maigida ya zama ɗan gida, 'ya'yan gidan sun zama nasa, in ya cuce su kansa ya cuta. Mai Lofe ya san haka sarai. Ya kafa kai ya shanye, ya goge gemu.

Ya ce, "Maigida, ɗiyanka ɗiyana na. Inda nis sa ƙahwata, nan za su sa tasu."

Babanmu ya juyo gare mu ya ce duk abin da mutumin nan ya ce mu yi, mu yi. Iyakar maganarsa ke nan.

Arzika ya bar matarsa Tani da tsohon ciki. Muna can wani direba ya kawo labarin ta sauka, an sami mace, an sa mata Dije. Daga ranar ba shi da wata hira. Ko ta yi kama da shi, ko ta fara zama, ko za ta yarda ya ɗauke ta. Har na gaji na ce masa in dai hancinsa ta ɗauko, to Allah ya ba ta haƙuri. Burinsa ɗaya ne, ya koma gida ya ga yarinyar nan.

Da hantsi aka ce yau ba aiki. Jirage sun sauke manyan baƙi. Sojoji suna yawo da fararen kaya, kowa da takunkumi rataye a wuya. Mu ba a ba mu ba. Mai Lofe ya kwashe mu a kamyonsa, babbar motar ɗaukar kaya, mu 'yan ƙungiyarsa, ya sauke mu a wata kwana inda aka jera gangunan ruwa an lulluɓe da tampol. Daga nan muna hangen bakin ramin da muka haƙa, an toshe shi da siminti.

Ya ce, "Ku tsaya nan. Kak ku gusa. Ƙasa za ta yi motsi kaɗan, ba komi na ba. Ni da kaina nika zakkuwa in ɗauke ku."

Ya ja motar ya nufi rumfar manyan baƙi.

Rana ba ta kai tsaka ba muka ji lasifika. Wani yana ƙirga da faransanci, baya-baya. Ya yi shiru. Ƙasa ta buge mu daga ƙarƙashin ƙafa. Na faɗi zaune. Gangunan suka yi ta karo da juna. Dutsen nan duka ya girgiza, ƙura ta tashi a jikinsa kamar an kaɗe tabarma. Daga nesa muka ji tafi. Arzika ya yi dariya ya ce ai ga shi, yadda mutumin ya faɗa.

Sai ƙara ta biyu ta zo. Ba irin ta farko ba ce. Huci ne, kamar zugazugin maƙeri, amma wanda ya cika duniya. Bakin ramin ya buɗe. Wuta ja ta feso, bayanta baƙin hayaƙi. Ya yi sama, ya yi faɗi, ya tsaya kamar mai tunani. Sannan ya karkato wajenmu.

Tafin ya mutu. Jiniya ta ɗauka. Motoci suka fara fitowa daga rumfar, suna gogar juna, wasu suna barin hanya suna kafewa a yashi. Mutane rataye a jikin ƙofofi. Wani kuku Buzu ya wuce mu da gudu, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa.

"Ku gudu! Ku gudu!"

'Yan ƙungiyarmu suka watse. Arzika bai motsa ba. Ya nuna mini hanya, ga kamyon Mai Lofe nan tafe. Mun san motar, ƙofarta ɗaya a lotse take. Mun san hular. Gilashi a rufe, takunkumi a fuskarsa. Arzika ya shiga tsakiyar hanya ya ɗaga hannu biyu. Motar ta kauce masa kamar yadda ake kauce wa jaki. Ba ta rage gudu ba. Da ta wuce na ga bayanta. Ba kowa a ciki. Wurin da zai ɗauke mu duka har da saura, iska kawai ya ɗauka.

Na kama hannun yayana na ja.

"Juyowa zai yi," in ji shi. "Ya ce mu tsaya."

Na sake ja. Ya kwaɗa mini mari, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara.

"Baba mi yac ce muna?"

Ban iya barinsa ba, ban kuma iya tsayawa a fili ba. Na kutsa tsakanin ganguna na ja tampol na rufe kaina. Na yi ta kiransa ya shigo. Ya ƙi. Ya ce in ya ɓuya, mutumin zai dawo ya duba bai gan mu ba ya wuce. Ta wata 'yar huda nake kallonsa, tsaye a bakin hanya da rigar da ya wanke da safe.

Rana ta ɓace. Wani abu ya fara zuba a kan tampol, tas-tas-tas, kamar farkon yayyafi. Ba ruwa ba ne. Baƙin yashi ne mai ɗumi. Bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe. Ba na jin mota, ba na jin jiniya, tarin Arzika kawai nake ji.

Da haske ya dawo na fito. Rigarsa ta yi baƙi. Gashinsa, girarsa, har cikin kunnensa. Yana kallon hanya har yanzu. Muka jira har azahar ta wuce. Ko tsuntsu bai gitta ba. Shi da kansa ya ce mu tafi, bai kuma dube ni ba da ya faɗa.

Muka bi sawun tayoyi da ƙafa. A hanya mun ga takalma, huluna, da wata mota a kafe ƙofofinta a buɗe, injin yana ci. Da la'asar Arzika ya fara amai. Ya yi, ya tashi, ya sake durƙusawa. Na saɓa hannunsa a wuyana. Daga baya na goye shi, ni da yake goyo da. Bai yi maganar Mai Lofe ba. Tambayata yake ko yarinya 'yar wata nawa take gane ubanta.

Gab da magariba muka iso babban sansani. Abin da na gani a can ban manta ba. Nasaru tsirara a jere ƙarƙashin famfo, manya da ƙanana, ba mai jin kunyar wani. Ana dirje su da buroshi. Ana tara kayansu da sanda, ba a taɓawa da hannu. Wani yana bin jikinsu da ɗan akwati mai kuka kamar gyare, in ya yi kuka a mai da mutum ƙarƙashin ruwa. Na matsa da yayana a baya. Sojan da ke ƙofa ya nuna mana tantunanmu da bakin bindiga. Ruwan bai kai kanmu ba. Washegari Arzika ya rarrafa ya wanke rigarsa da hannunsa, don ba shi da wata.

Bayan 'yan kwanaki Mai Lofe ya ɓullo, lofensa a baki. Ya ce hayaƙi ne kawai. Ya ce umurni aka ba shi. Ya ce aikinmu ya ƙare, za a mai da mu gida. Yana magana yana kallon takalminsa. Ni zuciyata tana tafasa, amma Arzika, da gashinsa ya fara fita a matashin kai, tsaraba ya roƙa. Ɗan Kurfai ba ya komowa daga cin rani hannu wofi, balle mai jaririya.

Mai Lofe ya kai mu wurin tarin wayoyin da aka janyo daga wajen dutsen. Ya ɗora ɗan akwatin nan a kansu. Akwatin ya tsala kuka bai tsaya ba. Na dubi Arzika. Mun ga abin da ake yi wa mutum in akwatin ya yi kuka a jikinsa. Amma mutumin da ya sha a ƙwaryar babanmu ne a gabanmu. Ya murɗa wani abu, kukan ya mutu.

"Ku ɗiba," in ji shi. "Ƙarhe mai kyau na."

Muka ɗiba. Har godiya muka yi masa. Wannan godiyar ita ce ke ci mini rai har yau, fiye da motar da ta wuce mu. A hanya ana iya cewa tsoro ne ya kama shi, tsoro kuwa ba a yi masa shari'a. Amma a gaban wayoyin nan ba abin da ke korarsa. A tsaye yake, hankalinsa kwance, yana zuƙar taba.

Mun iso gida da farkon damina. Ranar kasuwar Filinge maƙeri ya narka wayar ya ƙera mundaye, biyu ƙanana na Dije, ɗaya ta Tani. Arzika ya ɗauki 'yarsa, ba ta yi masa ƙiwa ba. Hancinsa ta ɗauko kuwa. Tana haƙora lokacin, kullum munduwar tana bakinta tana tsotsa, mu kuma muna dariya.

Babanmu tambaya ɗaya ya yi mini, ina gyaran rumbu. Ya ce mutumin ya dawo ɗaukarmu? Na ce a'a. Ya ɗauko ƙwaryarsa ya kife ta a kan rumbun. Nan ta zauna har gara ta cinye ta, shi kuma ya koma shan fura a ƙoƙon yara.

Arzika bai sake riƙe hauya ba. Dasashinsa yana jini. In ka taɓa shi kaɗan sai wurin ya yi baƙi. Baba ya kira 'yan bori, aka yi goge, iskoki suka hau. Uwar borin ta dube shi ta daɗe, ta ce wannan ba nasu ba ne, ba su san mai shi ba. Bai ga girbi na biyu ba.

Dije ta yi tafiya, ta yi surutu, ta fara bin Inna rijiya. Tana famfarar haƙora baƙaƙen tabban nan suka fito mata. Na ɗauke ta zuwa Yamai. Likita ya tambayi ciwon ubanta, na ba shi labari har zuwa wayoyin. Ya dubi hannuwanta. Bai ce mundayen ne ba, bai ce ba su ba ne. Ya dai sa aka yanke su, ya naɗe a takarda mai kauri, ya ce in binne su da zurfi, nesa da rijiya. Na komo da yarinyar. Ba ta daɗe ba.

Shekarun baya na ji a rediyo cewa da nasaru suka bar hamadarmu, sun kai abin nasu, wato gwajin bam na nukiliya, wasu ƙananan tsibirai a tsakiyar wani teku mai nisa. Masunta ne a can. An ce su ma an gaya musu ba komi, kuma har yau ciwon yana bin jikokinsu. Na kashe rediyon na zauna. Ban san yarensu ba, ban san fuskarsu ba. Tunanina kawai, su me suka ba baƙon ya sha ranar da ya sauka.

Mu biyu muka bar gida. Arzika ya tsaya inda aka ce ya tsaya, yana kwance gabas da ƙauye. Dije tana kusa da shi, kabarinta bai kai tsawon tabarmar sallah ba. Tani ta koma wurin danginta a Sanam, ta sake aure, ba ta ƙara haihuwa ba. Baba ya bi ɗansa ba da daɗewa ba, bai sake kiran sunan mutumin ba har ya mutu. Ni da na ɓuya ƙarƙashin tampol, ni na tsufa.

Mundayen guda uku, har da ta Tani, suna ƙarshen gonarmu, a ramin da na haƙa har ya shanye ni. Na ɗora dutse a kai. Jikokina sun san wurin. Ba a shuka gero a nan.